Windows XP na neman faifai, faifan kuma babu: batun foldar i386

Duk wanda har yanzu yake mu'amala da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ya san akwatin nan. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Add or Remove Programs, daga gefen hagu ka zaɓi Add/Remove Windows Components, ka yi tik a kan abin da kake so, ko IIS ne (manhajar da ke sa kwamfuta ta zama sabar shafukan yanar gizo) ko Fax Services ko ma wasannin nan na kati da wani ya cire, ka danna Next, layin ya fara tafiya kamar komai lafiya, sai kawai ga wani ɗan akwati ya faɗo mai suna Files Needed, wai ana buƙatar fayil kaza da ke cikin faifan Windows XP Professional, ka sa faifan ka danna OK. Wane faifai kuma? Kwamfutar ma wataƙila ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta zo gare ka, wanda ya yi mata instol na farko shi kansa bai san inda faifan ya shiga ba, kuma ko an samo faifan, sau da yawa abin karanta faifai na jikin injin ya daɗe da mutuwa, sai dai ka ji yana ƙugi yana tsayawa.

Abu na farko dai, kwamfutar ba ta lalace ba, kuma ba bairos ba ne ya cinye fayil ɗin. Tun asali ba a taɓa kwafo shi ba. A watan Oktoba na 2001 XP ya fito, lokacin da had disk bai da girman na yanzu, gigabayit 1.5 kacal Microsoft ta ce ana buƙata a yi instol, saboda haka abin da ake kwafowa shi ne abin da aka zaɓa da abin da ya zama dole, sauran a bar su can cikin faifai a wata folda mai suna i386. Sai Windows ya rubuta wa kansa a rajistiri, wato ma'ajiyar da yake adana saitunansa, cewa daga wuri kaza aka ɗauko ni, galibi D: ko E:, duk ranar da ya buƙaci ƙarin wani abu can zai nufa. Kamar dai wanda aka ba kwatancen gida ne alhali masu gidan sun tashi shekaru goma sha da suka wuce, ya je ya yi ta sallama babu amsa, shi ne yake dawowa ya tambaye ka.

To ni a ganina duk maganar ta tattaru ne wuri ɗaya: abin nema shi ne cikakkiyar foldar i386 wadda ta dace da Windows ɗin da ke kan injin, ba fayil ɗin da aka ambata sunansa a akwatin ba. Mutane da yawa a nan suke ɓata lokacinsu, su kwafi sunan fayil su shiga intanet nemansa shi kaɗai. Zan dawo kan wannan.

Kafin a je ko'ina, a fara duba cikin kwamfutar kanta. Kamfanonin da ke sayar da kwamfuta da Windows a ciki sun saba ajiye foldar a C:\i386, wasu kuma a C:\Windows\i386, don sun san faifan da suke bayarwa na mayar da inji yadda ya fito daga kamfani ne kawai, ba lallai a samu fayilolin a warwatse a cikinsa ba. In an taɓa ɗora Service Pack (SP a taƙaice, wato babban kunshin gyare-gyaren da Microsoft ke fitarwa) a kan injin bayan instol, akwai wata kuma a C:\Windows\ServicePackFiles\i386. In ka ga ɗaya daga ciki, a akwatin Files Needed ɗin nan akwai maɓallin Browse, ka danna ka nuna masa wurin. Abin haushin shi ne irin waɗannan foldoji su ne farkon abin da masu "share kwamfuta don ta yi sauri" ke gogewa, sun ga abu ya kai ɗaruruwan megabayit ba su san amfaninsa ba, an goge kuma kwamfuta ta ci gaba da aiki lafiya, sai bayan shekara biyu abin ya tashi, lokacin babu wanda zai tuna.

Wani abu da ke rikita mutane in sun buɗe foldar, za su ga sunayen fayilolin kamar an gutsure su. Ana neman staxmem.dll amma abin da ke ciki staxmem.dl_ ne, harafin ƙarshe ya koma ɗan layi a ƙasa. Ba matsala ba ce, matsattsen fayil ne, shi Windows ya san yadda zai warware shi da kansa, kai dai zaɓe shi ka danna Open. Kada ka canza masa suna da hannu ka mayar da layin ya zama harafi, sunan ne kawai zai canza, cikinsa yana nan a matse kuma ba zai yi aiki ba. In har kana son warware guda ɗaya da kanka akwai umarnin expand, a cikin cmd, wato baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, sai ka rubuta kamar haka:

expand D:\i386\staxmem.dl_ C:\temp\staxmem.dll

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. XP ba guda ɗaya ba ne. Akwai Home Edition akwai Professional, akwai wanda ya fito tun farko ba Service Pack, akwai SP1 na 2002, SP2 na 2004, SP3 na 2008, sannan kowanne akwai shi a harsuna daban-daban. Dole abubuwa ukun nan su dace: nau'i, matakin Service Pack, da harshe. Lambar lasisi kam ba ruwanta a nan, ba za a tambaye ka ita ba, don haka faifan aro ya wadatar matuƙar ya dace. Sanin wanda ke kan injinka ba wuya, danna Start sannan Run ka rubuta winver, ko ka danna dama a kan My Computer ka zaɓi Properties, komai na rubuce a wurin. Kuma tun da aka ambaci Home, mai neman IIS a kan Home Edition ya huta da wahala, ba ya cikin jerin ma sam, a Professional aka sa shi, IIS 5.1, shi ma da iyakar haɗi goma a lokaci guda don kada mutane su mayar da shi babbar saba.

Yanayin da ya fi cin rai shi ne injin da aka yi wa instol da tsohon faifai sannan daga baya aka ɗora SP2 ko SP3 a kai. A nan Windows yana da tushe biyu, sai ya riƙa yi maka wasa da hankali: yanzu ya ce yana son faifan Service Pack, ka nuna masa ServicePackFiles, ya kwafi fayil biyar ya tsaya, ya ce yanzu kuma faifan XP na asali yake so, ka nuna masa ɗayan, ya ɗan matsa ya sake komawa na farkon, haka za ka yi ta Browse kana OK kana Browse kana OK har ka fara tunanin ko wurin guda yake zagayawa. Ba zagaye yake ba, yana ci gaba, fayilolin da Service Pack ya sabunta ne yake nema a wuri ɗaya, waɗanda ba a taɓa ba kuma a ɗayan. Abin da za ka kula da shi shi ne ka riƙa karanta rubutun akwatin kowane karo, wane faifai ya ambata, domin in ya nemi na SP3 kai kuma ka miƙa masa tsohon fayil na 2001 mai suna iri ɗaya, wani lokaci zai karɓa ba gardama, ka gama instol ka ga abin ya ƙi tashi ko yana ta jefo kuskure ka rasa dalili.

Ni hanyar da na fi so ita ce a haɗe su wuri ɗaya a huta. Ka kwafe faifan XP gaba ɗaya zuwa wata folda, misali C:\XPCD, ka samo cikakken fayil ɗin SP3, wanda ke ɗauke da lamba KB936929, ya ɗan haura megabayit 300, sai ka tura shi ciki:

WindowsXP-KB936929-SP3-x86-ENU.exe /integrate:C:\XPCD

In ya gama, i386 ɗin da ke ciki ta zama ta SP3 zalla, tambaya biyun nan duk amsarsu ɗaya. In kuma ba ka da faifan asali sai fayil ɗin SP3 kawai, za ka iya warware shi da /x a ƙarshen sunan ya zuba maka abin da ke cikinsa a folda, yana fitar da mutum a wasu lokuta, amma a sani ba komai ne a ciki ba, abin da aka sabunta ne kawai.

Bayan an samu folda mai kyau, sai a gyara kwatancen. A buɗe regedit, manhajar gyaran rajistiri, a bi ta HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Setup, a nan za a ga SourcePath da ServicePackSourcePath. Ga ɗan abin da ke kayar da mutane: ba foldar i386 ɗin ake rubutawa ba, uwarta ake rubutawa, wato wurin da take zaune. In tana C:\XPCD\i386 to C:\XPCD za a sa, in tana C:\i386 sai a sa C:\ kawai, shi Windows zai ƙara i386 ɗin da kansa. Riba biyu ce, domin sfc /scannow mai duba fayilolin Windows da suka lalace shi ma yakan nemi faifan nan ne in bai samu abin da yake so a dllcache ba, wato foldar da Windows ke ajiye kwafin fayilolinsa. Rajistiri dai a taɓa shi da natsuwa, waɗannan biyun kawai, kada hannu ya yi yawo.

Wanda hoton faifai yake da shi, wato fayil ɗin ISO, ya tuna XP da Windows 7 ba sa buɗe shi su mayar da shi kamar faifai da kansu, daga Windows 8 aka fara haka. Amma 7-Zip yana buɗe shi kamar kowane matsattsen fayil, ka ciro i386 ka sa a filash ka kai. Masu XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna wani Windows a cikin wata kwamfutar, su kam sun more, maƙala ISO ɗin kawai za su yi ya fito a matsayin D:.

Akwai wani inji da aka taɓa kawo min, XP SP2 ne, yana haɗe da wata na'urar awo wadda manhajarta ba ta aiki a kan komai sai XP, ana so a sa masa IIS don a riƙa duba sakamako daga wata kwamfutar ta kusa. Faifan ya dace, foldar cikakkiya ce, ga staxmem.dl_ nan ina kallonsa ƙuru-ƙuru a cikin tagar Browse, na zaɓe shi na danna OK, akwatin ya ɓace na ƙiftawar ido ya dawo da maganarsa ta farko, wai ba a iya kwafar fayil ɗin ba. Ka canza folda, haka. Ka kwafo daga wani faifan, haka. Ashe abin ba ya da alaƙa da fayil ɗin ko kaɗan, wata ƙaramar ma'ajiyar bayanan tsaro ce mai suna secedit.sdb ta gurɓace, kuma sananniyar matsala ce da Microsoft da kanta ta yi rubutu a kanta a zamanin SP2. Maganin layi ɗaya ne, bayan ka ajiye kwafin fayil ɗin a gefe:

esentutl /p %windir%\security\database\secedit.sdb

Zai yi maka gargaɗi ka amince, cikin ɗan lokaci ya gama, ka koma ka sake gwadawa sai ka ga fayil ɗin da ake ta cewa babu ya wuce salin-alin. Saƙon da ke kan allo a nan ƙarya yake yi maka ƙarara, kuma wannan yana daga cikin abin da nake jin haushin Windows na wancan zamani a kai, abu ya lalace a gabas ya nuna maka yamma.

Ba Windows Components kaɗai ke jawo wannan tambaya ba. A Regional and Language Options, shafin Languages, akwai akwatuna biyu na tik. Na farko na harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu ne kamar Larabci da Ibrananci, wanda duk mai son buga Larabci a XP sai ya bi ta kansa, shi ma faifai zai nema. Na biyu na Sinanci da Jafananci da Koriyanci ne, shi har gargaɗi yake yi cewa zai ci megabayit 230 ko fiye, kuma fayilolinsa da yawa suna cikin i386\lang. Ita wannan lang ɗin ita ce ake fara yankewa in ana so a rage nauyin faifai, shi ya sa za ka samu i386 da ta yi maka aikin IIS lafiya amma ta gaza a nan.

Wannan ya kawo mu kan faya-fayan nan da aka yi wa aski. A shekarun da XP ke tashe mutane sun yi ta amfani da wata manhaja mai suna nLite suna cire abubuwa daga faifan don ya yi sauƙi, a sa masa suna mai daɗi a watsa, wasu har da kwalliyar fuska. In da irinsu aka yi wa injinka instol, to ba fayiloli kaɗai aka cire ba, har bayanin da ke gaya wa Windows cewa akwai abu kaza an goge, za ka buɗe jerin ka ga Fax ko IIS ba ya nan sam, ko yana nan amma duk foldar da ka nuna masa ba ya gamsuwa. Akwai masu ba da shawarar a buɗe sysoc.inf da ke C:\Windows\inf a cire kalmar HIDE daga layukan, gaskiya ne wannan yana fito da wasu abubuwan da aka ɓoye daga jerin, amma ɓoyayye daban cirarre daban. Irin wannan injin gaskiya a kwashe bayanai a sake masa instol da cikakken faifai ya fi, duk wata dabara ɓata dare ce.

Sai batun saukar da fayil ɗai-ɗai daga shafukan nan masu tara fayilolin DLL irin su staxmem.dll. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ba ka san na wane Service Pack ba ne, ba ka san harshensa ba, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma kai ne da hannunka za ka miƙa shi ga tsakiyar Windows da cikakken iko. Ga shi XP tun 8 ga Afrilu 2014 Microsoft ta daina ba shi kariya, in ban da 'yan lokuta na gaggawa kamar na bairos ɗin WannaCry a watan Mayun 2017. Kuma ko ba don tsaro ba, abin ba ya ƙarewa, ka kawo ɗaya ya nemi na biyu, ka kawo ya nemi na uku, IIS kaɗai fayilolinsa masu yawa ne. Af, in an sa IIS a kan XP, don Allah a bar shi cikin netwok na gida ko na ofis, kada a buɗe masa ƙofa zuwa intanet.

Masu Windows 98 labarinsu kusan ɗaya ne sai dai suna ya bambanta. Foldar WIN98 ce a faifan, fayilolin na dunƙule a cikin matsattsun fayiloli masu suna CAB, kamfanoni kuma kan ajiye su a C:\Windows\Options\Cabs. Shi 98 ma ya fi naci, ɗan taɓa saitin netwok kawai ka yi zai ce kawo faifai. A kula 98 na farko da Second Edition na 1999 ba a haɗa fayilolinsu.

Daga Vista aka canza salo, Windows 7 na 2009 ma haka, komai ana zuba shi a had disk tun ranar instol cikin foldar WinSxS, sai ka shiga Turn Windows features on or off ka yi tik ba wanda zai tambaye ka faifai. Kuɗin da aka biya shi ne foldar ta yi ta kumbura, mutane suka koma kuka da ita, wasu har suna goge abubuwa daga ciki da hannu, wanda ya fi goge i386 muni nesa ba kusa ba, don ita wannan Windows na jingine da ita kullum. Sai ga Windows 8 a 2012, an gudu ba a tsira ba, don rage nauyi aka sake cire wasu abubuwa, mafi shahara .NET Framework 3.5 wanda tsofaffin manhajoji da yawa ba sa tashi sai da shi. Yanzu maimakon faifai Windows Update yake nufa, in babu intanet ko kuma injin na ƙarƙashin sabar sabuntawa ta ofis sai ya jefo maka lamba, 0x800F0906 in ya kasa saukewa, 0x800F081F in bai ga fayilolin tushe ba. Akwatin Files Needed ne ya sake riga, har gara na da ma, yana faɗin sunan abin da yake nema.

Maganinsa ma irin na da ne, sai dai foldar yanzu sources\sxs ce a cikin faifai ko ISO. Ka danna ISO ɗin sau biyu ya fito da harafinsa, ka buɗe cmd da ikon admin ka rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:D:\sources\sxs

Wannan /LimitAccess ɗin shi ke hana shi leƙa intanet, ya tsaya kan abin da ka ba shi. D: kuma ka canza shi zuwa harafin da ISO ɗinka ya samu. Sharaɗin dacewa yana nan daram, sxs na Windows 8 ba na 8.1 ba ne, a Windows 10 ma fitowa-fitowa ne, ka duba winver ka nemo ISO na wannan fitowar, in ba haka ba zai yi ta tafiya ya kai wani wuri ya tsaya ya dawo maka da 0x800F081F ɗin da ka gudo daga gare shi, alhali ga folda nan a gabansa. In injinan da yawa ne kuma, a Group Policy, inda ake saita wa injinan ofis dokoki a lokaci guda, akwai saitin Specify settings for optional component installation and component repair, a nan ake rubuta hanyar folda ɗaya da ke kan netwok duk su riƙa ɗauka daga can.